'Yata Tana Son Karanta Nazarin Baƙar Fata A Amurka: Karatu Ne Ko Ɓata Lokaci?

Tambaya: Wani mahaifi ya rubuto cewa 'yarsa tana wata jami'a a Amurka tana share fagen karatun likita, sai ga shi ta ce tana son ta haɗa da fannin nazarin baƙar fata. Ya ce shi dai bai ga abin da za a koya wa baƙin mutum game da baƙin mutum ba, yana kuma tsoron kada a cusa mata ƙiyayya da siyasar da ba tamu ba, ga kuɗin makaranta ba wasa ba. Yana son ya san ko wannan karatu ne ko ɓata lokaci.

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara girma, ya raya mana ita. Karatu ne, kuma shawarata ka bar ta ta yi, amma a matsayin ƙari a kan likitancin, kada ya ture shi. Tsoron da ka ambata yana da tushe, zan zo kansa. Sai dai ba zai yiwu a auna amfanin fannin nan ba sai an san ɓarnar da aka kafa shi don ya gyara.

Ranar 6 ga Nuwamban 1968 ɗaliban Kwalejin Jiha da ke birnin San Faransisko suka ƙaurace wa azuzuwa, ba su koma ba sai a watan Maris na 1969. An yi ta artabu da 'yan sanda, an kame ɗaruruwa, kuma har yau ba a yi yajin ɗalibai mai tsawonsa a wata jami'ar Amurka ba. Babbar buƙatarsu ita ce a buɗe sashe mai zaman kansa na nazarin baƙar fata, da malamansa da digirinsa. Sun samu. A 1969 Harvard da Yale da Cornell suka bi sahu, sannan a 1988 Jami'ar Temple da ke Filadelfiya ta fara ba da digirin digirgir a fannin. Masu sukar fannin sukan tsaya a nan su ce ai ka gani, da zanga-zanga aka haife shi. Sashen ne aka haifa da zanga-zanga. Ilimin kuwa ya girmi ɗaliban da fiye da shekara sittin. W. E. B. Du Bois, baƙar fata na farko da ya samu digirin digirgir a Harvard a 1895, ya bi unguwar baƙaƙe a Filadelfiya gida-gida yana tambaya yana ƙirga, ya fitar da bincikensa a 1899. Carter G. Woodson, wanda iyayensa duka biyu an haife su cikin bauta, ya yi aikin haƙar kwal, bai shiga sakandare ba sai da ya kai kimanin shekara 20, amma a 1912 shi ma ya karɓi digirin digirgir a Harvard. Ya kafa ƙungiyar binciken tarihin baƙar fata a 1915, ya fara mujallarta a 1916, ya ƙirƙiro makon tarihin baƙar fata a Fabrairun 1926, wanda ya zama wata guda cur a 1976. Waɗannan mutane sun yi yawancin aikinsu a waje da manyan jami'o'in Turawa domin ba a ɗaukar baƙar fata koyarwa a cikinsu. Ɗaliban 1968 ƙofa kawai suka ɓalle wa aikin da ya daɗe yana tsaye a bakin zaure.

Me aka rubuta ba daidai ba har ake buƙatar gyara? Misalin da na fi so in ba ɗalibai shi ne na shekarun da suka biyo bayan yaƙin basasar Amurka, daga 1865 zuwa 1877. An 'yanta bayi kusan miliyan 4, mazansu suka samu ƙuri'a, aka zaɓi baƙaƙe a majalisun jihohin kudu, Hiram Revels ya zama sanata daga Mississippi a 1870. Gwamnatocin da suka kafa tare da Turawan da suka mara musu baya su ne suka assasa tsarin makarantun gwamnati na kyauta a yawancin kudancin ƙasar, wanda 'ya'yan talakawan Turawa ma suka ci moriyarsa. Daga baya aka murƙushe su da bindiga da kisan gilla da dokokin hana zaɓe. To sai wasu malaman tarihi a Jami'ar Columbia, ƙarƙashin William Dunning, suka rubuta labarin a juye: wai an ɗora jahilan bayi a kan mulki sun wawure baitulmali, har mutanen kirki suka ceto kudu. Wannan ne aka zuba a littattafan makaranta shekara da shekaru. Kada ka ɗauka gardama ce ta malamai a ɗakin taro. Da wannan labarin aka riƙa kare hana baƙaƙe zaɓe, ana cewa ai an gwada an gani. A jihar Louisiana baƙaƙen da ke da rajistar zaɓe sun haura 130,000 a 1896, amma zuwa 1904 saura 1,342. Ba a dawo musu da haƙƙin yadda ya kamata ba sai da dokar zaɓe ta 1965. Du Bois ya warware ƙaryar a wani babban littafi a 1935, da takardun majalisu da alƙaluman kasafi, manyan masana suka yi kamar ba su gan shi ba. Yau da wuya ka sami malamin tarihi na ƙwarai a Amurka, baƙi ko fari, da ke kan ra'ayin Dunning. Kamar shari'ar gona ce da alƙali ya saurari shaidun ɓangare ɗaya kaɗai ya yanke hukunci ya buga hatimi. Wanda ya zo daga baya ya ce a kira shaidun ɗaya ɓangaren bai kawo fitina ba, shari'ar ce dama ba ta cika ba.

Akwai kuma abin da ba a juya shi ba, binne shi aka yi. A daren 31 ga Mayu zuwa 1 ga Yunin 1921 gungun Turawa suka ƙone Greenwood, unguwar baƙaƙe masu hali a garin Tulsa, da shagunanta da coci-cocinta da asibitinta. Yara sun tashi a garin nan sun yi furfura ba a taɓa faɗa musu a aji ba. Sai a 1997 jihar Oklahoma ta kafa kwamitin bincike.

Tunda ɗiyar tamu likita za ta zama, bari in daɗe a nan, domin a asibiti ne wannan karatu yake komawa rai da mutuwa. Daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiya ta gwamnatin Amurka ta bi diddigin baƙaƙen maza kimanin 600 a yankin Tuskegee na jihar Alabama, 399 daga cikinsu suna ɗauke da tunjere. Ba a faɗa musu ainihin ciwonsu ba, kuma ko bayan da fenisilin ya zama sanannen maganin cutar a ƙarshen shekarun 1940 an ci gaba da hana su, don kawai a ga yadda cutar ke cin jiki. Shekara 40. Duk ranar da wani dattijo baƙar fata ya zauna gabanta yana zargin allurar da ta miƙo masa, idan ta san Tuskegee za ta yi masa bayani da haƙuri, idan ba ta sani ba za ta rubuta a fayil cewa mai taurin kai ne.

Kuma abin bai zama tarihi ba tukuna. A 2016 wani bincike a Jami'ar Virginia ya gano kusan rabin Turawa ɗaliban likitanci da sababbin likitocin da aka tambaya sun yarda da aƙalla ɗaya daga cikin wasu camfe-camfe, irin su wai fatar baƙi ta fi kauri, kuma masu wannan imani sun fi raina zafin ciwon da baƙar fata ke ji. Lissafin da ake auna aikin ƙoda da shi ya daɗe yana ɗauke da wani ƙari na musamman ga baƙaƙe, wanda ke nuna ƙodarsu ta fi lafiya fiye da yadda take. Sakamakonsa mutum ya makara shiga layin dashen ƙoda. Ɗaliban likitanci na cikin waɗanda suka tayar da maganar, suka tambayi malamansu daga ina wannan ƙarin ya fito, aka duba aka ga hujjarsa ba ta da ƙwari. A 2021 aka cire shi, daga 2023 kuma aka sake lissafa wa dubban marasa lafiya lokacin jiransu. 'Yar na'urar nan da ake maƙala wa a yatsa don auna iskar oksijin, wadda kowa ya sani lokacin korona, bincike a Jami'ar Michigan a 2020 ya nuna ta fi kuskure a kan fata mai duhu, har kusan ninki uku wajen kasa gano wanda iskarsa ta yi ƙasa. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin irin na'urorin ne ake shigo mana da su Kano da Maraɗi. Sannan hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta daɗe tana bayar da rahoton cewa mace baƙar fata ta fi Baturiya haɗarin mutuwa wajen ciki da haihuwa da kusan ninki uku, kuma ilimi mai zurfi bai goge bambancin ba. Ajin kimiyyar jiki zai koya mata yadda ƙoda ke aiki. Tambayar waye ya sa wannan lamba a lissafin, yaushe, da wace hujja, a wani ajin ake koyon yinta.

Akwai wani abu da nake jin kunyarsa game da mu 'yan Afirka da ke zuwa Amurka. Mutum zai sauka da digirinsa, ya ga unguwannin baƙaƙen ƙasar a lalace, cikin wata shida ya yanke hukunci cewa malalata ne. Bai san cewa a shekarun 1930 hukumomin gwamnati sun zana taswirorin birane sun shafa wa unguwannin baƙaƙe jan launi a matsayin wuraren da ba a ba da bashin sayen gida ba, kuma ba a haramta wariya a harkar gidaje ba sai 1968. A Amurka gida shi ne babban abin da talaka ke bar wa 'ya'yansa gado. Ƙididdigar babban bankin ƙasar ta 2022 ta nuna dukiyar matsakaicin iyalin Bature ta kai kimanin dala 285,000, ta baƙar fata kuwa kimanin dala 45,000. Haka kuma bai san cewa kujerar da yake zaune a kai wasu ne suka zubar da jini kafin ta samu ba. A 1962 sai da aka tura sojoji kafin James Meredith, wani ɗalibi baƙar fata, ya shiga Jami'ar Mississippi, kuma dokar shige da fice ta 1965, wadda ta buɗe wa 'yan Afirka da Asiya ƙofa, ta fito ne a guguwar wannan gwagwarmaya. Ina so ɗiyarmu ta san wannan, ko don ladabi ga masu masaukinta.

Ka ce siyasar da ba tamu ba. Alhaji, sunayenmu na cikin littafin. Ƙididdigar jiragen bayi ta nuna an ɗora kimanin mutum miliyan 12 da rabi daga gaɓar Afirka, kimanin miliyan 10.7 suka isa da rai. Waɗanda aka kai ƙasar da ta zama Amurka kai tsaye ba su kai 400,000 ba, Birazil kuwa ta karɓi kusan miliyan 5. Bayan ɓarkewar yaƙe-yaƙen jihadi a 1804, fursunonin yaƙi daga ƙasar Hausa sun bi ta hannun 'yan kasuwa har bakin teku, aka kai da yawa jihar Bahiya ta Birazil. A 1807 hukuma ta bankaɗo shirin tawaye na Hausawa a birnin Salvador, aka sake tashi a 1809 da 1814. A Janairun 1835, cikin goman ƙarshe na Ramadan, Musulmin birnin, yawancinsu Yarabawa tare da wasu Hausawa, suka fito da fararen riguna suka yi babban tawayen da har yau ake nazarinsa. 'Yan sanda sun kwashe layu da takardun Larabci daga jikin waɗanda aka kashe da gidajen waɗanda aka kama, kuma wasunsu na nan ajiye a ma'adanar takardun jihar. Akwai kuma Muhammad Ali Sa'id, ɗan Kukawa, ɗan wani babban sarkin yaƙi na Shehu Laminu. An kama shi yana yaro, aka ƙetara da shi Sahara zuwa Turabulus, daga nan Santambul, daga nan Rasha, ya ƙare a Amurka da sunan Nicholas Said. A 1863 ya shiga rundunar baƙaƙe ta 55 ta Massachusetts a yaƙin da ya kawo ƙarshen bauta, daga baya ya koyar a makarantun kudu, ya buga tarihin rayuwarsa a 1873. Umar ɗan Sa'id kuwa, malami daga Futa Toro ta gaɓar kogin Senegal, ya rubuta nasa tarihin da Larabci a 1831 yana bawa a Karolina ta Arewa, kuma da Suratul Mulk ya buɗe. Ka yi tunanin bawa yana rubuta wa iyayengijinsa cewa mulki a hannun Allah yake. Duk yaron da ya yi makarantar allo zai gane abin da yake nufi tun kafin farfesa ya gama duba ƙamus.

A nan ne ɗiyarmu take da jarin da abokan karatunta ba su da shi. Idan ta iya Hausa da karatun Larabci da ajami, akwai takardun da ke jiran irinta. Jami'ar Northwestern tana riƙe da dubban rubuce-rubucen hannu na Malam Umaru Falke, malami kuma ɗan kasuwar Kano, Jami'ar Boston kuma tana da babban aikin tattara ajami, har da na Hausa.

Hanyar ma ta taɓa biyowa ta nan gida. William Leo Hansberry ya fara koyar da tarihin Afirka a Jami'ar Howard a 1922, kuma cikin waɗanda suka zauna gabansa akwai Nnamdi Azikiwe, haifaffen Zungeru. Azikiwe da Kwame Nkrumah duk sun yi Jami'ar Lincoln, makarantar baƙaƙe. Du Bois kansa a Accra ya rasu a 1963. A shekarar ce kuma wani farfesan Oxford, Hugh Trevor-Roper, ya ce Afirka ba ta da tarihi sai na Turawan da suka shige ta, saura duhu ne, alhali an fassara tarihin sarakunan Kano zuwa Turanci tun 1908. Amsar da masanin tarihi Kenneth Dike ya bayar a Ibadan, da Abdullahi Smith da Yusufu Bala Usman a Zariya, ita ce dai amsar Woodson: a tono takardu, a saurari dattawa, a tace, a rubuta.

Yanzu ga tsoronka. Gaskiya ne fannin yana tsakiyar rikicin siyasar Amurka. A Janairun 2023 gwamnatin jihar Florida ta ƙi amincewa da wani kwas na nazarin baƙaƙen Amurka da aka shirya wa 'yan sakandare, wasu jihohi kuma sun kafa dokokin taƙaita yadda ake koyar da batun launin fata. Gaskiya ne kuma sassan ba ɗaya suke ba. Akwai azuzuwan da malami ke raba wa ɗalibai take maimakon hujja, akwai kuma masu ramuwar gayya da ke cewa duk wani ilimi a duniya daga Masar aka sace shi, wanda shi ma ƙarya ce irin ta Dunning, fuskarta kawai aka sauya. Ba na kare waɗannan. Amma malamin banza akwai shi a sashen tattalin arziki da na shari'a, ba a kuma rufe su ba.

Ma'aunin da nake gwada kowane sashe da shi shi ne ko yana iya faɗin gaskiyar da ba ta yi wa baƙar fata daɗi ba. Wa ya kai mutanen nan bakin teku? Sarakuna da fatake na Afirka suna ciki dumu-dumu. A ƙasarmu akwai rinji, wato ƙauyen bayi, akwai gandun sarki da bayi ke nomawa a irin su Fanisau, akwai murgu, kuɗin da bawa ke biyan ubangidansa don ya yi aikin kansa, akwai cucanawa, 'ya'yan bayi da aka haifa a gida, kuma ba a soke bauta kwata-kwata a dokar Arewacin Najeriya ba sai 1936. Nijar ta mayar da ita laifi a 2003, a 2008 kuma kotun ECOWAS ta yanke hukunci cewa gwamnatin ƙasar ta gaza kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana 'yar shekara 12. Har yau akwai gidajen da ake binciken asali kafin a ba da aure, kowa ya san abin da ake nema. Sashe na ƙwarai yana koyar da wannan tare da Tuskegee. Saboda haka ka shirya: abin da ya fi yiwuwa ba ƙin Bature za ta dawo da shi ba, tambayoyi za ta dawo da su game da gidanmu, wasu kuma ba za su yi daɗin amsawa ba. Ni a wurina wannan riba ce.

Game da ko irin wannan karatu na ɗauke hankalin yaro daga sauran darussa, hujjar da ake da ita ta nuna akasin haka. Masu bincike biyu na Jami'ar Stanford, Thomas Dee da Emily Penner, sun bi 'yan sakandare masu rauni a San Faransisko da aka sa a ajin nazarin ƙabilu, suka ga zuwansu makaranta da makinsu sun ƙaru sosai, har a lissafi da kimiyya. Binciken a kan yara masu rauni ne kuma a birni ɗaya, don haka kada a ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa, amma ya isa ya kwantar da hankali. Birazil ma tun 2003 ta wajabta koyar da tarihin Afirka da na baƙaƙen ƙasar a makarantunta.

Maganar kuɗi kuwa da sauƙi. A tsarin jami'o'in Amurka ɗalibi kan ɗauki babban fanni da ƙaramin fanni, kuma dama dole ne ya cike wasu kwasa-kwasan tarihi da zamantakewa kafin ya kammala. Ƙaramin fanni yawanci kwas biyar ne ko shida, sau da yawa suna shiga cikin waɗancan na dole, ba tare da ƙarin zango ba. Makarantun likitanci a can ba su damu da sunan digirin farko ba muddin an ci kimiyyar da suka gindaya, kuma tun 2015 jarrabawar shigarsu tana da ɓangare guda kan halayyar ɗan Adam da zamantakewa. Ka ce ta turo maka manhajar kowane kwas. Ka duba ko ana karanta takardun asali, irin wasiƙu da bayanan kotu da alƙaluma, ko kuwa ra'ayoyin marubuta kawai. Ka duba ko akwai marubutan da suka saɓa wa juna a jerin. Ka tambaye ta ko za a sa ta rubuta bincike nata na kanta. Idan akwai kwas kan tarihin likitanci da launin fata, da shi za ta fara. Sannan ta je wurin mai ba ta shawara kan karatu ya rubuta mata a takarda cewa ƙarin ba zai jinkirta kammalawarta ba, kafin ka biya kuɗin zango mai zuwa.